Amsa: Me ya sa shugabannin Katolika suka ƙi dokar lafiya ta Obama?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi bishop-bishop na Katolika a Amurka suka ƙi dokar inshorar lafiya ta Obama, alhali su ne kullum ke cewa a duba talaka.

Tun 1963 Paparoma John na 23, a wasiƙarsa Pacem in Terris, ya lissafa magani cikin haƙƙoƙin ɗan Adam, tare da abinci da sutura da muhalli. Don haka ba su da ja kan a ba kowa inshora, sun daɗe suna neman hakan. Inda gizo ke saƙar shi ne zubar da ciki: sun ji tsoron kuɗin haraji zai shiga biyansa. Sun kuma koka cewa an bar baƙi marasa takardu a waje, ko da kuɗinsu ba za su sayi inshora a kasuwar gwamnati ba. Wannan ɓangaren mutane kan manta da shi.

'Yan Katolika ma sun rabu biyu. Sista Carol Keehan, shugabar ƙungiyar asibitocin Katolika a lokacin, ta goyi bayan dokar, har Obama ya ba ta ɗaya daga cikin alƙaluman da ya sa hannu da su ranar 23 ga Maris 2010. A ganina ita ta fi kusa da gaskiya, don asibitocinsu ne ke karɓar mai ciwon suga da ya zauna a gida saboda tsoron kuɗi, har ƙafa ta ruɓe.

Washegari Obama ya fitar da umarnin hana kashe kuɗin tarayya wajen zubar da ciki, amma bishop-bishop ɗin suka ce umarni ba doka ba ne.