Amsa ga ƙanena na Kano: yadda muke tsufa a Damagaram

Assalamu alaikum. Ƙanena, ina fata kana lafiya, da iyali, da sauran 'yan'uwa na Kano baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma gode da addu'ar da ka yi mini. Ka yi tambaya biyu. Ta farko, me ya sa na cika shekara 60 ba ka ga hoto ko walima ba, alhali a wajenku yanzu abin ya zama ruwan dare. Ta biyu, yaya wanda ya yi ritaya yake rayuwa a nan Zinder, tunda kai ma naka lokacin ya kusa. Na ga gara in zauna in rubuta maka a tsanake, don amsar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Ranar da ke cikin takarduna, 1 ga Janairu 1965, ba ita ce ranar da aka haife ni ba. Haka abin yake ga mafi yawan sa'o'ina a Nijar. A zamanin da aka haife mu, a gida ake haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai a raɗa suna, shi ke nan. Ba wanda yake zuwa ofishin magajin gari neman takarda. Sai lokacin shiga lakwal, watau makarantar boko, ya zo, ko lokacin jarrabawa, a je gaban alƙali da shaidu, ya ba da takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa, a rubuta cewa an haifi yaro wajen shekara kaza. Daga baya da aka zo yin katin ɗan ƙasa da fasfo, ana bukatar rana da wata, sai aka jingina mu duka ga ranar farko ta shekara. In ka shiga ofis a nan ka duba takardun dattawan ma'aikata, za ka tarar da yawansu rana ɗaya aka haife su.

Shekarar ma kintace ce. Na tuna yadda aka tantance mu: a ce yaro ya ɗaga hannun dama ya zagayo ta saman kai ya taɓa kunnen hagu. Wanda yatsunsa suka kai, ya isa lakwal, a rubuta masa shekara 7. Wani kuma a buɗe bakinsa a duba ko ya yi famfara. Akwai wanda aka rage wa shekaru don kada a ce ya wuce, akwai wanda aka ƙara wa. Wannan kintacen na rana guda shi ne yake yanke wa mutum ranar barin aiki bayan shekara hamsin da wani abu. Na san wanda aka sallama yana da sauran ƙarfinsa, na kuma san wanda ya ci gaba da aiki gwiwa ta riga ta gaza.

Abin da Inna, Allah ya jiƙanta, ta riƙe shi ne an haife ni da kaka, ana cikin yankan gero, ranar Alhamis, ranar da kasuwar Zinder take ci. Shi ya sa har yau tsofaffin gidanmu Ɗanlami suke ce mini. Mutanenmu da abin da ya faru suke auna shekaru. A ce wane yana lakwal sojoji suka hamɓarar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau, watau Afrilun 1974. A ce wance an yi mata aure shekarar El Buhari. Wannan sunan zai ba ka mamaki: yunwar 1984 ce, fari ya cinye amfanin gona, ga shi gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, hatsin da aka saba shigowa da shi daga wajenku ya yanke. Sunan ya zauna a bakin mutane har yau. Matasa kuma su ce shekarar da aka karya darajar sefa, Janairun 1994.

To ka ga wanda ya tashi a haka, ranar haihuwa ba ta da gurbi a zuciyarsa. 'Ya'yanmu dai sun samu takarda tun daga asibiti, kuma suna yin nasu bikin, da kek da kyandir da hotuna a Facebook da WhatsApp. Ba na hana su, in dai ba a ci bashi ba, ba a kuma yi abin da ya saɓa wa addini. 'Yata ta so ta yi mini irin wannan. Na ce ta ba ni kuɗin kek ɗin. Aka soya masa, aka sayo dabino da goro, bayan sallar asuba malaman unguwa suka taru a zaure aka sauke Alƙur'ani, aka yi wa iyaye da kakanni addu'a, har da kakanmu da ya baro Kano da fatauci ya sauka a unguwar Zango ta nan Zinder bai koma ba. Almajirai suka zo da ƙoƙunansu aka zuba musu. Kafin hantsi an watse. Abin da muka gada ke nan in mutum ya ga wata ni'ima ta same shi.

Akwai kuma abin da ya sa shekara 60 take sa dattijo shiru a nan. Malamai suna yawan tuna mana hadisin da ya nuna cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne suke wucewa, da kuma wanda ya nuna cewa wanda Allah ya jinkirta masa har ya kai 60 ba shi da sauran uzuri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da 63 ya bar duniya. Kuma in ka yi lissafi da watannin Musulunci, shekarar ta fi gajarta da kwana 11, don haka mai 60 a takardar nasara ya doshi 62. Ranar da na yi wannan lissafin na daɗe a kan buzu ban tashi ba. Na lissafo waɗanda muka shiga aji ɗaya, na ga nawa ne suka riga mu. Godiya ce ta cika mini zuciya, da kuma tsoron abin da zan tarar.

Batun ritaya kuwa, tsarinmu ya bambanta da naku. Ku tun dokar 2004 kowa da asusunsa, ana cire masa ana tara masa a hannun kamfanin fansho, ma'aikacin gwamnati kuma yana fita in ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, malaman makaranta an ɗaga musu zuwa 65 ko 40. Mu nan tukunya ɗaya ce: abin da ake cire wa masu aiki yau, shi ake biyan waɗanda suka fita. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin hukumar fanshonsu da ake kira CARENI, mu da muka yi aikin kamfani muna ƙarƙashin tamu hukumar da ake kira CNSS, inda shekarar fita take 60. Ni aikin kula da sito na yi, a can aka tara mini. Magabatanmu wata uku-uku suke karɓar fanshon CNSS, kuma lokaci-lokaci sai mutum ya kai shaidar cewa yana raye. Kuɗin ba ya kai albashi, ko kusa. Yana sayen buhun gero, ya biya wuta da ruwa, in an yi tattali ya taɓa magani. Ruwa kuwa ka san halin Zinder, gari ne a kan dutse. Da bazara famfo yakan ɗauke, sai an saya wajen 'yan garuwa, kuma wannan ma daga cikin fanshon yake fita.

Mun koyi darasi tun shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi, ga sefa ta faɗi rabi. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya jingina tsufansa da takarda. Shi ya sa ma'aikacin Damagaram tun yana da ƙarfi yake neman abu uku: fili ya gina ko da ɗaki biyu ne, gona a bayan gari, da 'yan dabbobi. In damina ta sauka a watan Yuni ko Yuli, za ka ga tsohon darakta da malafa a kan babur ya nufi hanyar Mirya ko Tirmini duba shuka, ba wanda zai ce ya faɗo. Wasu suna turke raguna don Layya, wasu suna da garka suna noman rani, wasu su buɗe ɗan shago a ƙofar gida, su ɗora yaro. Matan da suka yi aikin koyarwa ko na asibiti sun fi mu dabara a nan. Suna da adashinsu da foyandinsu, watau ƙungiyar mata ta taimakon juna, tun suna aiki, kuma da yawa sun iya sana'ar hannu. Alkakin Zinder da kuke yabo, a cikin gidaje irin waɗannan ake yin sa.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne aikin da yake jiran mutum a unguwa. Tun kafin in gama haɗa takarduna, mai unguwa ya aiko a ce yanzu na samu lokaci. Ma'anar wannan ita ce an sa ni cikin masu zama. In za a nemi aure, ana so dattijo ya shige gaba ya kai goro. In mata da miji sun saɓa, kafin a je gaban alƙali ko fadar Sarkin Damagaram, a zaure ake fara zama. In an yi rasuwa, akwai masu tsayawa kan wanka da likkafani da kabari, akwai masu zaman makoki tare da iyalan har kwana uku. In magada sun ja daga a kan gida, sai an nemo wanda ya san iyakar tun zamanin iyayensu. Ba a biyan ko dala a kan wannan, kuma yana cin yini.

Kwanakin baya aka kawo mana wasu 'yan'uwa biyu da suka daina gaisawa saboda katangar da ke tsakanin gidajensu. Muka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, aka ɗora shayi. Babban cikinmu, wanda ya haura 80, bai ce komai a kan katanga ba. Ya fara ba da labarin yadda ubansu ya ɗauko ƙasa a kan jaki ya gina wurin, da yadda ya goya ƙaramin ya kai shi asibiti cikin dare lokacin ƙyanda. Kafin a zuba shayi na uku, babban wan yana share ido da bakin rawani. Maganar katanga ba ta ɗauki minti goma ba. A wurin na gane cewa wannan ma sana'a ce da ake koya, kuma ni ɗan koyo ne a cikinta. Mai 60 a zauren nan shi ne ake aika ya kira wane, shi ne yake rubuta abin da aka yanke, tunda ya yi lakwal.

Da safe kuma akwai fada. Kusan kowace unguwa, Birni ko Zango ko Sabon Gari, akwai inuwar da sa'o'i suke haɗuwa, da benci da butar shayi da rediyo. Kada ka ɗauka zaman banza ne. A nan ake sanin wanda bai fito ba kwana biyu a je a duba shi, a nan ake haɗa jika-jika in wani ya kwanta asibiti ko zai aurar da 'ya. Wanda na fi tausaya wa shi ne ma'aikacin da ya yi zamaninsa yana ganin ofis ya ishe shi, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, gaisuwa sai ta gilashin mota. Ranar da aka karɓi makulli, sai ya tarar ba shi da wurin zama. Irinsu ne suke saurin lalacewa, ciwon hawan jini da na sukari su taru su kwantar da su cikin shekara biyu.

Ba zan ɓoye maka damuwata ba. Mu masu fansho 'yan ƙalilan ne. Manomi da baduku da mahauci da mai tura kura ba su da ranar fita, suna yi har jiki ya ƙi, daga nan sai abin da 'ya'ya suka kawo. To 'ya'yan kuma suna ina? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka tasa kuma aiki ya yi musu kaɗan. Matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 da jami'ar da muka samu ba su isa su ɗauke su ba. Sai cin rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Ka shiga ƙauyukan Kance da Matamaye da rani, tsofaffi ne da jikoki a gida. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, na ga dattawan da aiken 'ya'yansu ya yanke, ga naira ta faɗi, abin da aka turo in an canza shi sefa bai taka kara ya karya ba. Wannan yana hana ni barci fiye da batun fanshona. Al'adar riƙe tsoho tana nan da ranta, amma hannun da zai riƙe ɗin ya yi rauni.

Don haka shawarata gare ka, tunda ka nema, ka fara tun yanzu. Ka duba takardunka ka tabbata ranar haihuwa ɗaya ce a ko'ina, don saɓanin rana yana jawo wahala a ƙasashen biyu. Ka gama ginin nan ko da ba fenti. Ka je a auna maka jini da sukari, kada ka jira sai ka faɗi. Ka kuma koma sahun masallacin unguwarku da zaman makokinsu tun kana da muƙami, don su san ka zo ne saboda su.

In Allah ya kai mu bayan kaka, ka ɗauki hutu ka zo ka ga abin da idonka. Ta Daura za ka biyo, ka fita Kwangwalam, ka shigo Ɗan Barto, Matamaye, Takeita, sai Zinder. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma ka tambayi direbobi halin iyaka kafin ka taso. Ka taho da babban ɗanka ya ga gidan kakansa a Zango, akwai tsofaffi biyu da suka san shi da ido, gara ya ji daga bakinsu. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Yaya Babba ina nan tafe da azumi in Allah ya yarda. Wassalam.