Hukuncin saye da tara kartar masu wasan rufa ido

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ina koyon wasan rufa ido da karta, wallahi ba na caca, kawai dai ina sayen masu ƙarko da kyan zane ina tarawa, wasu ma ko ledarsu ban ɓare ba. Akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa, ita karta a kan kanta takarda ce, hukuncin yana bin abin da ake yi da ita. In caca ce to babu ja, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Tunda ka ce ba ka yi, sai mu duba sauran.

Maganar ƙarko ba matsala ba ce. Irin su karta samfurin Bicycle da ake bugawa a Amurka tun 1885, takarda biyu ake mannewa da baƙin gam a tsakiya don kar haske ya ratsa a ga abin da ke ɗaya fuskar, kuma in ka kalli fuskarta da kyau za ka ga ƴan ƙananan ramuka da ke riƙe iska, shi ya sa take zamewa a hannu ta buɗe kamar mafici. Ta roba ta fi daɗewa, har wanke ta ake yi, amma masu wannan wasan sun fi son ta takarda duk da gumin hannu da laima suna saurin kashe ta, gefe ya yi baƙi ta lanƙwashe. Mutum ya zaɓi mai inganci da kuɗinsa halas ne.

Zane kuma, hotunan sarki da sarauniya ba mutum-mutumi ba ne, zane ne marar inuwa kuma rabin jiki ne, a wajen Malikiyya iyakarsa karhanci. Amma akwai waɗanda ake cika su da tsiraici ko alamun bokanci da bautar shaiɗan don su ja ido, waɗannan kam ka bar su. Abin sha'awa ma, kartar zamanin daular Mamluk ta Masar da ke ajiye a gidan tarihin Topkapi a Istanbul babu hoton mutum a jikinta, ado ne da rubutu.

Inda na fi tsayawa shi ne rufa idon kansa. Malamai da yawa sun sa shi cikin nau'o'in sihiri, na ruɗar ido da saurin hannu, Ibnu Kasir ya kawo hakan daga Razi a tafsirin aya ta 102 a Baƙara, don haka suka hana. Wasu suka ce in babu aljani babu tsafi kuma masu kallo sun san dabara ce, to wasa ne. Ni na fi karkata ga wannan na biyun amma da sharaɗi, ka riƙa faɗa a fili cewa hannu ne kawai, kar ka taɓa cewa kana karanta zuciyar mutum ko ka san gaibu ko da raha ne, kuma kar ya cinye maka sallah. Karta mai ɓoyayyar alama a bayanta in ka shiga wasan gaske da ita ka zama maha'inci, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu.

Sai tarawar. Kwali ɗaya kati 52 ne da joka biyu, ko mai tsada ko mai araha, tsadar wasu kuwa kamfanoni ne ke buga kaɗan da gangan don farashi ya hau. In kana da hali kuma ba ka tauye iyali ba babu haramci, sai dai hadisi ya hana wulaƙanta dukiya, ka sa wa kanka iyaka. In kuma kana ajiyewa ne da niyyar sayarwa in sun yi daraja, sun zama kayan kasuwanci, zakka za ta shiga in sun kai nisabi.

Wallahu a'alam.