Tambaya da Amsa: Shin tallafin karatu na Pell bashi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da iyalina muna zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin, kuma 'yarmu ta fari za ta kammala sakandare bana. Malamarta ta ce mu nemi tallafin gwamnati na shiga jami'a, amma maigidana ya ƙi, yana cewa bashi ne mai ruwa. Ga shi abin da muke samu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata. Mece ce gaskiyar lamarin?
Daga wata uwa a Amurka

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron maigida yana da tushe, domin gwamnatin tarayyar Amurka tana ba ɗalibai rance mai ruwa, kuma da fom ɗaya, mai suna FAFSA, ake neman rancen da tallafin. Sai dai abin da malamar take nufi shi ne Pell Grant, wanda kyauta ce da ba a biya. An kafa shirin a 1972, sannan a 1980 aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell, wanda ya tsaya tsayin daka wajen samar da shi.

Ba hazaƙar ɗalibi ake aunawa ba, halin da gidansu yake ciki ake dubawa, wato kuɗin shigar iyaye bisa takardun harajin shekaru biyu da suka wuce, da kuma yawan mutanen gidan. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, mafi yawan abin da aka ba ɗalibi shi ne dala 7,395, kuma wanda bai ɗauki cikakkun darussa ba ana rage masa. Kuɗin ba ya ɗauke dukan nauyin yawancin jami'o'i, amma a kwalejojin al'umma na shekara biyu yakan biya kuɗin makaranta, wani lokaci har a samu ragowar sayen littattafai. Matsayin zaman yarinyar ita kanta ake dubawa, kuma mai takardar dindindin ta cancanta, saɓanin wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu.

Inda ya kamata ku buɗe ido shi ne ranar da makaranta ta aiko da takardar tayin taimako. A shafi ɗaya ake jera komai, a tara jimilla mai faranta rai a ƙasa, kuma a ganina wannan tsari ne yake rikita iyaye da dama. Ku zauna da maigida, ku bi takardar layi-layi da biro a hannu. Duk inda kuka ga kalmar "grant" kyauta ce, inda kuwa aka rubuta "loan" rance ne, kuma kuna da ikon karɓar kyautar ku ƙi rancen.

Akwai sharuɗɗa. Ana sabunta fom ɗin kowace shekara, kyauta ake cike shi, don haka kada ku ba kowa ko sisi. Tallafin ba ya wuce zangon karatu 12, kimanin shekara shida, kuma na waɗanda ba su riga sun samu digirin farko ba ne. Dole yarinyar ta riƙa samun makin da makarantarta ta gindaya, sannan idan ta bar karatu kafin ta cinye kashi 60 cikin 100 na zango, ana iya neman ta mayar da wani ɓangare na kuɗin. Idan kuma samunku ya ragu bayan shekarar harajin da aka duba, ku kai hujja ofishin tallafin ɗalibai na makarantar, domin doka ta ba su damar sake lissafi.