Amsa: da me Henry Sy ya fara?

Malam, ka tambaya ko Henry Sy, hamshaƙin ɗan kasuwan ƙasar Filifin, gādo ya ci. A'a. Yana ɗan shekara 12 ya baro Fujian ta ƙasar Sin zuwa Manila, babban birnin Filifin, ya tarar da mahaifinsa a ɗan ƙaramin shagon tireda. Yaƙin duniya na biyu ya cinye shagon, uban ya koma Sin, shi kuwa ya tsaya yana sayar da takalma. A 1958 ya buɗe shagon takalma mai suna Shoemart, wanda ya zama SM, kamfanin manyan kantuna.

Abin da ya fi burge ni: a 1985, tattalin arzikin Filifin na durƙushe, ya buɗe katafariyar kasuwar SM North EDSA. Gidauniyarsa tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa har jami'a. Ya rasu a 2019.