Daraja, Mutunci da Son Kai: Amsoshin Tambayoyinku

Wata 'yar zumuntar mata daga Zuru: Malam, daraja da mutunci abu ɗaya ne? A wa'azi kullum tare nake jin su.

Mama, ba ɗaya ba ne. Daraja aro ce daga Larabci, asalinta matakala, wato matsayin da aka ɗora mutum ko kaya. Mutunci kuwa namu ne, daga "mutum" ya fito. Dubi abin da ake yi masa: a ci, a keta, a zubar, a kare. Shi ya sa aka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Rabinsa na hannun halinki, rabi na bakin mutane. Darajar da fasto ke magana a kai ba haka take ba. Farawa 1:27 ta ce cikin kamannin Allah aka halicci mutum, namiji da mace, tun bai yi aikin komai ba. A Matiyu 10:29 gwara biyu ake sayarwa a kan tsabar kuɗi ɗaya, a Luka 12:6 kuma biyar a kan biyu. Duk mai zuwa kasuwa ya san ta biyar ɗin gyara ce, amma nassin ya ce ko ɗaya Allah bai manta da ita ba. Saboda haka ana iya cin mutuncinki a gaban jama'a, wannan darajar tana nan.

Wani malamin makarantar Lahadi daga Gusau: Na koya wa yara cewa Kirista ya kamata ya kasance da son kai, iyaye suka yi mini ca. Ina laifina?

Ɗan'uwa, iyayen ne da gaskiya. Ka ɗauko magana daga littafin Turanci ka juye ta kalma-kalma, cutar da ta kama masu fassarar wa'azi da yawa, musamman matasan da ke tsayawa gefen mai wa'azi da makirufo suna tsere da shi. A Hausa mai son kai shi ne wanda in an kawo tuwo zai janye naman miya gabansa. Ba uban da zai so a koya wa ɗansa haka. Na san Matiyu 22:39 kake nufi, inda aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. To ka ce "sanin darajar kai", ko "kada ka raina kanka". Kowace tsohuwa za ta gane.

Tunda an taɓo nan, bari in ƙara. Kalmomi uku ake cakuɗawa a majami'unmu. Girman kai shi ne ganin ka fi kowa, wanda aka ce rawanin tsiya ne. Raina kai shi ne a ba ka karatun nassi ran Lahadi ka ce "wane ni", alhali ka iya. Tawali'u ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne: ka san abin da aka ba ka, ka san kyauta ce, ka yi aiki da ita ba tare da neman tafi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ga yarinya ta noƙe don an saba ce mata ba ta da amfani, sai a riƙa yabonta wai mai tawali'u ce. Wannan ba tawali'u ba ne, rauni ne, kuma yabon ƙara shi yake yi. Kunya ma, wadda muke taƙama da ita, ba ta ce ka binne baiwarka ba.

Wani ɗan ƙungiyar mawaƙa daga Yawuri: "Yabon kai jahilci" ta hana in ce na iya waƙa?

A'a. Karin maganar da mai cika baki take, ba da wanda aka tambaya ya amsa gaskiya ba. Romawa 12:3 cewa ta yi kada mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, ba ta ce ƙasa da haka ba.

Wata ɗaliba daga Birnin Kebbi: Me ake nufi da "mutum tara yake bai cika goma ba"?

Ba wanda ba shi da aibi. Har wanda ya gaya miki don ya kashe miki gwiwa.