Kafin ka zo Faransa don fansho, ɗana, ga yadda adashen yake

Ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Na ji ka gama lisansi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Allah ya sanya albarka, kuma kana son zuwa Faransa yin mastar. Sai ka rufe da tambaya: ka ji a rediyo ana rigima kan rage kuɗin ƴan fansho, alhali abin da ya fi burge ka da ƙasar shi ne tsoho ba ya bara. Shin idan ka zo ka yi aiki, abin zai kai kanka kuwa? Na ce bari in amsa a rubuce, don na san abokanka na fada a Ali Ɗan Sofo su ma suna wannan lissafi a kan butar shayi.

Ga takardar albashina ta watan jiya a gabana. Kafin kuɗi su shiga hannuna an cire wajen kashi 11 cikin ɗari don fansho kaɗai, mai ba ni aiki kuma ya ƙara nasa, jimla ta kusa kashi 28. Da na fara aiki na ɗauka asusu ne ake jefa mini, in fasa ranar tsufa. Ashe adashe ne. Abin da na zuba wannan wata, wannan watan ake biyan tsofaffin yau da shi, ni kuma in jira ƴaƴan da yanzu suke firamare su girma su zuba mini. Ka san adashen mahaifiyarka: muddin masu zubi suna da yawa, kowa na barci. A wajen 1960 ma'aikata huɗu ne ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya. Yau ba su kai biyu ba. Haihuwa ta ragu, mutane kuma suna daɗewa a duniya, har fansho ya zamo yana cin kusan kashi 14 cikin ɗari na duk arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Tushen rigimar ke nan. Zamanin shugaba Mitterrand, a 1982, aka sauko da shekarun ritaya zuwa 60. Shugaba Sarkozy ya mai da su 62 a 2010. A 2023 gwamnatin Macron ta ce 64, kuma sai ka yi zubin shekara 43 kafin ka karɓi cikakke. Da firaminista Élisabeth Borne ta ga ƙuri'a ba za ta ishe ta a majalisa ba, sai ta bi ta aya ta 49.3 ta kundin tsarin mulki, ta wuce da dokar ba ƙuri'a. Wannan watan Maris ba zan manta da shi ba. Ƴan shara sun shiga yajin aiki, bola ta taru a titunan Paris har wajen tan 10,000, ina tafiya aiki ina kauce wa ɓeraye a unguwar da hayar ɗaki ɗaya ta fi albashin malamin lakwal na wata da wata. A ƙarshen 2024 gwamnatin firaminista Barnier ta faɗi kan kasafin da ya haɗa da jinkirta ƙarin kuɗin ƴan fansho. A Oktoban 2025 kuma firaminista Lecornu ya sanar da dakatar da dokar 2023 na ɗan lokaci. Kada wannan ya ruɗe ka: sassaucin na waɗanda ke bakin ritaya ne yanzu, ni da kai ba mu ciki.

Matasan nan suna da ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa iyayensu sun sayi gidaje da araha, sun ajiye aiki da wuri, yau rayuwar ɗan fansho a matsakaici ta yi kunnen doki da ta sauran jama'a, su kuwa ga zubi mai nauyi, ga haya, ga bashin ƙasa da aka bar musu. Har wani zambo suka ƙirƙira a intanet, "Nikola ne ke biya", wato saurayi ɗan shekara talatin da kowa ke ci daga albashinsa. Amma ni idan aka ce "tsofaffi" a dunƙule, raina ba ya kwanciya. Wanda ya fara ɗaukar bulo yana ɗan 18 da wanda ya tsufa a ofis mai sanyi ba ɗaya ba ne. Hukumar ƙididdigar ƙasar da kanta ta nuna tazarar kusan shekara 13 ta tsawon rai tsakanin maza mafi arziki da mafi talauci. Ƙarin shekara biyu, wani a kan kujera zai yi su, wani da ciwon baya.

Mu baƙi fa, babu mai ambatonmu a wannan gardama sai in za a zarge mu. Na zo a 2009 ina da shekara 27, ban samu tsayayyen aiki ba sai ina 30. Ɗora 43 a kai ka gani: 73. Doka ta ce a shekara 67 ba za a ci ni tarar gibi ba, amma za a biya ni ne gwargwadon shekarun da na zuba. Kai ma haka zai kasance.

Akwai wani dattijo ɗan Mali da muke sallar Juma'a tare a Montreuil, kusa da Paris. Shekarunsa na ƙarfi sun tafi a aikin gini, wasu ba a rubuta shi ba, don haka fanshonsa ɗan kaɗan ne. Gwamnati na cika masa da tallafin tsofaffi marasa ƙarfi, wanda ke kai mutum ɗaya wajen yuro dubu a wata. Sharaɗin tallafin shi ne ka zauna Faransa aƙalla wata tara a shekara. Fanshon da ka zuba yana bin ka har gida, wannan kuwa ba ya ƙetare iyaka. Ya gina gida a garinsu, jikoki cike da tsakar gida, shi yana nan a ɗaki mai gado ɗaya da akwati a ƙarƙashi. Ya taɓa nuna mini kalandar da yake soke kwanakin da ya yi a gida da jan biro, kada ya zarce.

Sannan ga abin da Nikola bai sani ba: ni zubi biyu nake yi. Kakanka bai taɓa ganin takardar CNSS, asusun fanshon ma'aikata na Nijar, ba, balle ta CARENI ta ma'aikatan gwamnati, kamar yawancin manoma da ƴan kasuwar Maraɗi. Fanshonsa ƴaƴansa ne. Da can gandu ke riƙe da wannan alkawari: samari su yi wa maigida aiki a babbar gona, a bar musu gayauna su nome na kansu, ran da ƙarfinsa ya ƙare rumbu ya ci da shi. Gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, gandu ya watse, amma alkawarin na nan, ya koma cikin waya. Duk ƙarshen wata, bayan Faransa ta cire na tsofaffinta, sai in aika na Hajiya: magani, buhun hatsi, kuɗin wuta. Ba na ƙorafi, haƙƙi ne. Ina dai gaya maka ne don ranar da ƙafarka ta taka nan, rabin wannan kaya kanka zai dawo.

In karatun ne ya kawo ka, bismilla, sai dai hanyar ta yi tsauri tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, ga shaidar kuɗin zama, wadda a 2025 ta kasance yuro 615 a wata, sama da jika ɗari huɗu ke nan. Ɗalibi na da izinin aiki awa 964 a shekara. Ka ƙi aikin bayan fage ko da ya fi tsoka, domin albashin da ya kai na awa 150 a mafi ƙarancin albashi yana rubuta maka zangon wata uku a lissafin fansho. Takardar albashi kuwa ko ta wankin kwanoni ce kada ka yar, nawa suna cikin wata jakar leda tun na 2010. Kuma filin nan na hanyar Tibiri da mahaifiyarka ta ce za ta sayar don kuɗin jirginka, ka ce mata ta dakata tukuna, zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar.