Zuwa ga ƙanwata mai shirin zuwa Legon: inda za ki riƙa kai yara a Akra

Assalamu alaikum ƙanwata. Na ga saƙonki, na kuma yi murna da gurbin digiri na biyu da kika samu a Jami'ar Gana da ke Legon. Allah ya sa albarka. Kin ce abin da ya fi damun ki yaran nan uku ne: an gaya miki garin akwai zafi, ɗakunan haya kuma ƙanana ne, to ina za su riƙa sakewa su yi wasa?

Zafin nan daban yake da na Kano. A Kano cikin Afrilu awo yana kaiwa 40, amma iska a bushe take, kina shiga inuwa kin tsira. A nan ko a Maris da wuya ya wuce 33, sai dai iskar teku jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki. Shekararmu ta farko a unguwar Madina da ke nan Akra, wuyan autana da bayansa duk ƙurajen zafi ne, don ina ta sa masa kaya masu kauri irin na gida. Ki zo musu da kayan auduga marasa nauyi. Kuma ki riƙe wannan: lokacin fita ya fi wurin zuwa muhimmanci. Ko dai ku fita da sassafe ku dawo kafin azahar, ko ku bari sai bayan la'asar. Amma ki sani rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu kuma yana rufewa da sauri, sauro na biye da shi.

Idan wuri ɗaya zan zaɓar miki, lambun Aburi ne. Yana kan tsaunukan Akuapem, tun 1890 aka buɗe shi. Daga tashar Madina ake shiga trotro, wato ƙananan motocin haya na nan, a bi ta Adenta da Ayi Mensah. Da motar ta fara hawan dutse za ki ji iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, yara su yi tsit suna leƙen gari shimfiɗe a ƙasa. Daga ƙofa dogayen itatuwa ne jere hagu da dama, sun miƙe sambal kamar ginshiƙai. Akwai wani tsohon rimi da mu duka muka kama hannu muka kasa zagaye gindinsa, akwai kuma mataccen jirgi mai saukar ungulu da aka bari a kan ciyawa, wanda sai da lallashi nake raba yarana da shi. Ranar da mai zagayawa da mu ya murza ganyen kirfa ya miƙa wa babbar 'yata, ta shinshina ta ce, "Umma, ƙamshin shayinki ne!" Ba ta taɓa sanin daga itace yake fitowa ba. A can ne kuma suka fara ganin koko a jikin bishiyarsa. Muna tafiya da tabarma da kular waakye, shinkafa da wakenmu ce dai, har sunan daga bakinmu aka ɗauke shi. Mu yi salla a kan ciyawa, mu wuni babu mai kukan zafi. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa, haka yake a yawancin irin waɗannan wurare, sai ki tanadi hakan.

Teku kuwa, na san ita yaran suka fi ɗoki, don haka ki saurare ni da kyau. Ba ta yi kama da Tiga ko Bagauda ba. Igiyar ruwan nan tana da ƙarfi, kuma idan za ta koma takan janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa. Na taɓa tsayawa da ɗana a Labadi, ruwa iya idon sawu, igiya ɗaya ta kayar da shi ta fara jan sa. Allah ya sa hannunsa na cikin nawa. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Kowane ƙaramin yaro da babbansa, hannu da hannu. Labadi a yammacin Asabar da Lahadi cike take da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ki so idon yaranki ya saba da ita ba. Ku je da hantsi, su hau doki, su yi gini da yashi, ku sha ruwan ɗanyar kwakwa ku tafi. Bojo ta fi natsuwa, da kwalekwale ake tsallakawa zuwa gaɓar, sai dai hanyar akwai cunkoso. Bayan ruwan sama mai yawa kada ku je, kwatoci sun kwaso shara sun zuba.

A cikin gari akwai wurin tunawa da Kwame Nkrumah, inda ya yi shelar 'yancin kai a 1957. An gyara shi an sake buɗewa a 2023, amma da tsakar rana ƙasan wurin yana ɗaukar zafi. Gidan namun daji yana cikin dajin Achimota, akwai inuwa. Idan sun ƙara wayo, a kai su gandun dajin Shai Hills ta hanyar Akosombo su ga gwaggon biri, a ɓoye abinci kawai. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, harabarsa na da faɗi, daga can kuma Nima kusa ce, inda za su ji Hausa a kowane lungu, su ci tsire da ƙosai.

Mayu da Yuni ruwa ake yi sosai, kwatoci suna cika su tumbatsa, ki hana su wasa kusa da su. Agusta kuwa gari lumshi ne da sanyi-sanyi, a nan muke more yawo.

Wajen neman ɗaki, kafin ki biya kuɗin haya, ki duba ko gidan yana da tsakar gida ko itace guda, ki duba ko tagogin suna shan iska. Aburi sau ɗaya ne a wata, sauran kwanakin a gida za su yi su. Na hango wani gida a bayan layinmu mai bishiyar mangwaro, zan je in tambaya gobe in sha Allahu. Ki aiko min da ranar tasowarku, Asabar ɗin farko ni zan dafa waakyen. Ki gaida Inna, ki shafa min kan yara.